Haske da ƙananan semikondakta: tambayoyin da ake yawan yi kan daidaiton taku

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai ke ta maimaitawa duk lokacin da suka fara karatu a wannan ɓangare na fiziks, wasu ma sai sun shekara suna haddace lissafin kafin su gane abin da lissafin yake faɗa. Na tattara su wuri ɗaya. Wanda ya san farkon sai ya tsallaka ƙasa abinsa.

1. Wai mene ne wannan "daidaiton taku" ɗin?

Turawa suna ce masa kohirans. Ni dai daidaiton taku nake cewa, kuma ga dalili. Ka taɓa tsayawa ka kalli mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Kowace taɓarya ta san lokacin saukarta, in ka ji ta farko za ka iya faɗin lokacin da ta biyu za ta faɗo, ko idonka a rufe. To haske ma igiya ce mai hawa da sauka, kuma hasken lesa luguden kansa yake yi, duk a taku ɗaya, saɓanin hasken kwan fitila da kowa ke dakansa yadda ya ga dama.

Idan hasken lesa ya daki semikondakta, wato abu irin silikon da ke tsakanin mai wuce da wuta da mai hana ta wucewa, elektron ɗin da ke ciki ba nan take yake tsalle ya koma matakin makamashi na sama ba kamar yadda ake zanawa a allo. Da farko yana shiga wani hali ne na tsakatsaki, rabi ƙasa rabi sama, yana karkarwa daidai da takun hasken da ya dake shi. Muddin yana riƙe da wannan takun, to ana cikin daidaito. Da ya manta, shi kenan, an koma fiziks na yau da kullum. Duk abubuwan da ke ƙasa, daga lilon Rabi har amsa-kuwwar haske, a cikin wannan ɗan lokacin kafin mantuwa suke faruwa.

2. Su kuma ƙananan gine-ginen, rijiya da zare da ɗigo, me ake nufi da su?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin kai guda ya kai nanomita dubu goma-goma. Idan ka matse elektron a wuri mai faɗin nanomita 10 ko makamancin haka sai ya daina zama yadda ya so, matakan makamashinsa su rabu su zama kamar matattakalar bene. In ka matse shi ta gefe ɗaya, wato ka sa siririn shafi na galiyum asenaid tsakanin shafuka biyu na aluminiyum galiyum asenaid, ka samu rijiyar kwantam (kwantam shi ne fiziks ɗin ƙananan abubuwa irin su elektron). Ta gefe biyu, zaren kwantam. Ta gefe uku duka, ɗigon kwantam, wanda ake wa laƙabi da atam na ƙirar hannu saboda layukan haskensa sirara ne irin na atam.

Tarihin a taƙaice: Leo Esaki da Raphael Tsu a kamfanin IBM suka kawo shawarar jera irin waɗannan shafuka a 1970, Raymond Dingle da abokan aikinsa a ɗakin binciken Bell a Amurka suka ga matakan da ido a 1974. Ɗigo kuwa Alexei Ekimov ya fara gani a cikin gilas a Leningrad a 1981, Louis Brus ya gani cikin ruwa a 1983, Moungi Bawendi ya gano yadda za a dafa masu kyau a 1993, su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Amma ɗigon da aka fi yin gwajin daidaito da shi ba na ruwa ba ne. Ana feshin indiyum asenaid ne a kan galiyum asenaid, tazarar atam ɗinsu ta bambanta da kusan kashi 7 cikin 100, to da shafin ya kusa kai kauri biyu na atam sai ya kasa jure matsin ya tattare kansa ƙulli-ƙulli, kamar yadda fenti ke ƙuraje a bango mai laima. Waɗannan ƙurajen su ne ɗigon. Abin da da a ce aibi ne ya zama kayan aiki.

3. Ko'ina na duba sai in ga eksiton. Shi kuma wane ne?

Idan elektron ya tashi sama yana barin gurbi a baya, gurbin nan kuma yana aiki kamar wani abu mai caji na kishiya. Sai su jawo juna su riƙa zagaye tare, kamar ƙaramin atam na haidirojin. Wannan ma'auratan su ne eksiton. A dunƙulen galiyum asenaid igiyar auren ba ta da ƙarfi, kusan mili-elektron-bolt 4 ce kawai (ma'aunin ƙaramin makamashi ne), alhali zafin ɗaki kaɗai yana ɗauke da kusan 25, kaga kenan zafi na raba su nan da nan. A cikin rijiya kuwa an takura su wuri guda, ƙarfin ya kan kai wajen 10, shi ya sa ake iya ganin alamarsu ko a zafin ɗaki.

Abin lura, kusan duk inda aka ce daidaiton haske a semikondakta, takun eksiton ake nufi, ba na elektron shi kaɗai ba.

4. Tsawon wane lokaci yake riƙe takun, kuma me ke sa shi mantawa?

Nan ne fa zuciyar maganar. Akwai lokuta biyu, T1 da T2. T1 shi ne tsawon rayuwar eksiton kafin elektron ya faɗa gurbinsa ya fitar da foton, wato ƙwayar haske guda, a ɗigon indiyum galiyum asenaid kusan nano-sakan ɗaya ne, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. T2 shi ne tsawon lokacin da yake tuna takun. Doka ce T2 ba zai wuce ninki biyu na T1 ba, amma a zahiri yawanci ko kusa ba ya kaiwa, domin mantuwa ta fi mutuwa saurin zuwa.

Masu sa mantuwar su uku ne manya. Na farko fonon, wato girgizar atam ɗin lu'ulu'un semikondaktan kansa, wadda ke ƙaruwa da zafi, kamar kana lugude wani yana jijjiga turmin. Na biyu karo da sauran eksiton da elektron, shi ya sa in ka ƙara ƙarfin lesa kana zaton sigina za ta gyaru sai ka ga ta ƙara saurin mutuwa, ka cika ɗakin da jama'a ne kowa na bugun kafaɗar kowa. Na uku cajin da ke yawo a gefe da kuma maganaɗisun ƙwayoyin atam ɗin, su ba karo suke ba, a hankali suke ta karkatar da layin hagu da dama.

Ga adadin T2 don a ji girman abin, a tuna fiko-sakan dubu ne nano-sakan ɗaya, femto-sakan dubu kuma fiko-sakan ɗaya. A rijiyar galiyum asenaid mai sanyi sosai, 'yan fiko-sakan ne. Elektron sakakku masu yawa kuwa femto-sakan goma-goma. A 2001 Paola Borri da Wolfgang Langbein da abokan aikinsu a Dortmund ta Jamus suka auna fiko-sakan 630 a ɗigon kwantam a sanyin Kelbin 7, wato digiri 266 ƙasa da sifiri, wannan adadi ya tayar da hankalin fagen gaba ɗaya don ya nuna ɗigo na iya kusantar iyakar da doka ta yanka. Ɗigon nan dai in ka bar shi a zafin ɗaki ko fiko-sakan ɗaya ba zai kai ba. Duba tambaya ta 11.

5. To wace irin na'ura ce ke iya auna abu mai sauri haka?

Babu ita. Gaskiya kenan, ba wani agogo ko kyamara da ke bin femto-sakan kai tsaye, domin femto-sakan ɗaya a gaban sakan ɗaya kamar sakan ɗaya ne a gaban shekara miliyan 32. Dabarar ita ce a mai da lokaci ya zama tazara. Haske yana tafiyar milimita 0.3 a fiko-sakan ɗaya. To sai a ɗauki walƙiyar lesa guda, yawanci daga lesar titaniyum-safaya mai walƙiyar femto-sakan 100 da ke fitowa sau kusan miliyan 80 a sakan, a raba ta biyu, ɗaya ta bi hanya madaidaiciya ɗayar ta je ta daki madubin da ke kan dogo ta dawo. In ka ja madubin baya da milimita 0.15, zuwa da dawowa ka jinkirta ta da fiko-sakan ɗaya. Agogon naka kenan, sukurun da ke tura madubi.

Gwajin da aka fi yi sunansa cakuɗar igiya huɗu. Walƙiya ta farko ta sa eksiton karkarwa, ta biyu ta iso daga wata kusurwa bayan ɗan jinkiri, in har ta tarar ana tuna takun ta farko sai su biyun su saƙa wani tsari mai layi-layi a cikin samfurin, wani ɓangare na hasken ya karkace ya fita ta wata hanya ta uku inda da ba komai sai duhu. In an riga an manta, duhun nan zai zauna duhu. Sai kai ta ƙara jinkiri kana kallon yadda hasken ke dusashewa, daga nan ka ciro T2.

A takarda abu mai sauƙi. Ni kuwa na taɓa kwashe yini biyu cur ina neman wurin da walƙiyoyin biyu za su haɗu, don kowace tsawonta bai wuce maikuromita 30 ba, kuma sai sun faɗa wuri ɗaya a lokaci ɗaya a kan samfurin da ke cikin tukunyar sanyi. Da na samu sigina da yamma na jingina da teburin ina murna, ta ɓace.

6. Amsa-kuwwar haske fa? Ta yaya abin da ya mutu zai dawo?

Ai bai mutu ba, watsewa ya yi. Ɗigon kwantam ba sa zuwa girma ɗaya, in ka haska miliyoyinsu lokaci guda kowanne da nasa saurin karkarwa, jimillar siginarsu ta ɓace nan da nan duk da cewa kowane ɗaya bai manta komai ba. Ɗauki sukuwa. An saki dawakai tare, wani ingarma wani rago, cikin ɗan lokaci sun warwatsu a fili. Sai a busa ƙaho a ce kowa ya juyo da irin gudun da ya tafi. Mai sauri ya yi nisa amma da sauri zai dawo, rago bai je ko'ina ba kuma a hankali zai dawo, ƙarshenta duk a tare za su iso bakin layi. Walƙiya ta biyu ita ce ƙahon. In tazarar da ke tsakanin walƙiyoyin fiko-sakan 50 ce, bayan wata 50 ɗin sai samfurin ya fitar da walƙiya ta kansa ba wanda ya haska shi.

Dokin da ya yi tuntuɓe a hanya shi ne ba zai iso tare da saura ba, wannan ne mantuwa ta gaske, kuma ita amsa-kuwwar ke aunawa. Erwin Hahn ya fara ganin haka a 1950 da maganaɗisun ƙwayar atam, a 1964 Kurnit da Abella da Hartmann suka yi da haske a dutsen yakutu a jami'ar Kolombiya da ke New York. Da wannan dabarar aka samu adadin 630 na tambaya ta 4: faɗin layin taron ɗigon ya kai mili-elektron-bolt goma-goma, amma na ɗigo guda da ke ɓoye a ciki kusan maikuro-elektron-bolt 2 ne.

7. Mene ne lilon Rabi, kuma me ya sa ake ta zuzuta shi?

Hankali zai ce in ka ƙara haske sai ka ƙara tura elektron sama har ya tsaya can. A cikin daidaito ba haka ba ne. Hasken da ya kai shi sama, in ka ci gaba, shi ne dai zai sauko da shi, ya sake hawa, ya sake sauka, lilo sosai. Sunan daga Isidor Rabi ne wanda ya yi lissafin a 1937. Walƙiyar da ta kai shi sama cif ana ce mata walƙiyar fai, da harafin Girkanci, mai ninki biyunta kuma ta kai shi ta dawo da shi kamar ba a taɓa shi ba.

An gan shi a ɗigo guda a 2001, cikin waɗanda suka gani har da rukunin Duncan Steel a Mishigan. Amma gwajin da ya fi burge ni shi ne na Artur Zrenner da abokan aikinsa a Jamus a 2002, sun sa ɗigo guda cikin dayod, wato ƙaramar na'ura mai barin wuta ta bi hanya ɗaya, suka auna wutar da ke fita. Kowace walƙiyar fai elektron ɗaya tak take bayarwa, to ninka cajin elektron da walƙiya miliyan 80 a sakan, ka samu kusan fiko-amfiya 13, kana ƙara ƙarfin lesa allurar na hawa zuwa wajen nan tana saukowa. Kwantam a kan mitar wuta, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Zuzutawar kuwa saboda wannan shi ne juya kubit, tubalin kwamfutar kwantam. Lilon yana raguwa in ƙarfi ya ƙaru, kuma rukunin Sheffield a Ingila ya nuna a 2010 cewa fonon ne ke jawo hakan.

8. Bugun kwantam da lilon Bloch duk abu ɗaya ne da na Rabi?

A'a. Bugun kwantam ka san shi ko ba ka san sunansa ba: janareta biyu a layinku suna aiki, saurinsu ya kusa zama ɗaya amma bai zama ba, sai ka ji ƙarar tana kumbura tana lotsawa, wuu wuu. A rijiyar galiyum asenaid akwai eksiton iri biyu, mai gurbi mai nauyi da mai gurbi mara nauyi, gajeriyar walƙiya ta tashe su tare sai siginar tambaya ta 5 ta riƙa hawa da sauka. In bambancinsu mili-elektron-bolt 4 ne, bugun kusan kowane fiko-sakan ɗaya ne. An ga wannan tun wajen 1990.

Na Bloch ya fi ban mamaki. Tun aikin Felix Bloch a ƙarshen shekarun 1920 da na Clarence Zener a 1934 lissafi ya ce elektron a cikin lu'ulu'u, in ka sa masa wutar da ba ta canzawa, ba gaba zai yi ta tafiya ba, kai-komo zai yi. Shekara kusan sittin ba wanda ya gani, don a lu'ulu'u na halitta tazarar atam ƙarama ce, kafin ya gama zagaye ɗaya ya yi karo. Jerin shafukan Esaki da Tsu suka warware matsalar: da tazarar nanomita 10 da wutar kilobolt 10 a santimita, zagayen kusan fiko-sakan 0.4 ne kawai, ya riga mantuwa. A 1992 aka gan shi ta cakuɗar igiya huɗu, a 1993 wani rukuni a Aachen ya kama igiyar terahaz, mai karkarwa sau kusan tiriliyan a sakan, da elektron ɗin ke fitarwa.

9. Talabijin ɗina an rubuta QLED, an ce ɗigon kwantam ne a ciki. Wannan ne kenan?

Ɗigon kwantam ne, amma ba daidaito a ciki ko kaɗan. Fitila shuɗiya ce a baya, ɗigon su sha hasken, su manta takunsa nan take, can daga baya su fitar da kore ko ja gwargwadon girmansu, ƙanana kore manya ja. Wannan matsi ne na tambaya ta 2, ba abin tambaya ta 1 ba. Ana yawan haɗa su, har a wasu rubuce-rubucen ɗalibai na gani.

10. Folariton fa, haske ne ko abu ne?

Duka biyun. Ka sa rijiyar kwantam tsakanin madubai biyu masu kyau ƙwarai, foton ya fita ya daki madubi ya dawo rijiyar ta sake shanye shi ta sake fitarwa, in wannan miƙa-karɓa ya fi asara sauri sai ba a iya cewa ga foton ga eksiton, sun zama abu ɗaya. Claude Weisbuch da abokan aikinsa suka gani a Tokyo a 1992, layi ɗaya ya tsage biyu. Da yake folariton ba shi da nauyi sosai, a 2006 a Grenoble ta Faransa aka sa tarinsu suka taru a hali ɗaya da taku ɗaya da kansu a cikin kadmiyum teluraid, irin taruwar da Bose da Einstein suka yi hasashe, a sanyin 'yan Kelbin maimakon sanyin kusa da sifiri da atam ke bukata. A 2004 kuma rukunoni a Würzburg da Arizona suka yi irin wannan haɗin da ɗigo guda ɗaya.

11. Dole sai da sanyin nan? Ba za a iya a zafin ɗaki ba?

Ga galiyum asenaid da danginsa, kusan dole ne. Ruwan hiliyum yana tafasa a Kelbin 4.2, wato digiri 269 ƙasa da sifiri, a nan fonon suke lafawa. Yanzu yawancin ɗakunan bincike sun koma na'urar sanyi mai juya hiliyum ɗinta a rufe, ba sai an yi ta sayen ruwan ba, sai dai tana son wuta ba yankewa kuma tana girgiza tebur.

Akwai kayan da eksiton ɗinsu ke jure zafi, irin su galiyum naitiraid da shafi ɗaya na atam na tungistin diselenaid, wanda ƙarfin haɗinsa ya kai ɗaruruwan mili-elektron-bolt. Amma kar a ruɗe, eksiton ya rayu a zafi daban, ya tuna taku a zafi daban. Auren bai mutu ba amma luguden ya ɓaci. Don haka duk wanda ya ce maka ya samu dogon T2 a zafin ɗaki, fara tambayarsa da wace hanya ya auna.

12. To a ƙarshe me za a yi da shi?

Abin da ya fi kusa da kasuwa shi ne maɓuɓɓugar foton ɗai-ɗai. Ka daki ɗigo da walƙiyar fai ta tambaya ta 7, ya ba ka foton ɗaya, ba biyu ba. A 2000 aka nuna ɗigo mai ba da foton ɗai-ɗai a Santa Barbara ta Amurka. Amma kwamfutar kwantam ta haske ba ɗaya kawai take so ba, so take kowane foton ya zama tagwayen na bayansa ta yadda ba a iya bambance su, kuma wannan ya dogara kai tsaye ga yadda T2 ya kusanci ninki biyu na T1. Ana gwadawa da dabarar Hong da Ou da Mandel ta 1987: foton biyu iri ɗaya in suka haɗu a madubi mai raba haske, ƙofa ɗaya suke bi tare. Rukunin Stanford ya yi da ɗigo a 2002, a 2006 kuma aka samu foton biyu masu sarƙaƙƙiyar alaƙa daga ɗigo guda a Kambirij da Haifa. Kamfanin Quandela na Faransa, wanda Pascale Senellart na cikin waɗanda suka kafa shi a 2017, irin wannan maɓuɓɓugar yake ƙerawa.

A ganina, zancen kubit na eksiton kansa an ɗan cika baki a farko, nano-sakan ɗaya ya yi kaɗan a gina lissafi a kai, shi ya sa aka karkata ga maganaɗisun elektron da ke zaune cikin ɗigon, haske ya zama hannun juya shi kawai.

13. Ba mu da lesa ba mu da hiliyum. Ta ina zan fara?

Ta lissafin Bloch na haske mai mataki biyu. Layuka uku ne kacal, ka rubuta su a Python, ka sa T1 da T2 da hannunka, cikin yamma ɗaya za ka ga lilon Rabi a fuskar kwamfutarka. Daga nan ka kwafi ɗigo 1000 kowanne da ɗan bambancin makamashi, ka ba su walƙiya biyu, ka tara siginarsu, amsa-kuwwar tambaya ta 6 za ta fito da kanta a daidai lokacin da aka ce. Sai bayan nan ka taɓa lissafin Bloch na semikondakta wanda Lindberg da Koch suka fitar a 1988, inda ake shigar da jan da ke tsakanin elektron da gurbi, shi kam yana son haƙuri da kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne ma'auni, wani ya sa makamashi a mili-elektron-bolt lokaci kuma a sakan ya ce lilon ya ƙi fitowa. Riƙe wannan: ƙaramin adadin Planck, mai sanda a kai, daidai yake da mili-elektron-bolt 0.658 sau fiko-sakan ɗaya, ka rubuta shi a saman fayil ɗin tun kafin ka fara.